Baba ya ajiye maganin hawan jini ya koma homiyofati, me za mu yi?

Tambayar ta zo ne daga wani malamin firamare a wani ƙauye da ke yankin Ringim. Ya ce mahaifinsa ya haura shekara 70, kuma ya daɗe yana shan amlodipine saboda hawan jini. Kwanakin baya wani mutum da ke kafa tebur ranar kasuwar garinsu, wanda ya ce a Indiya ya yi karatun homiyofati, ya zauna da tsohon kusan sa'a guda, sannan ya ba shi 'yan kwalabe biyu cike da ƙananan fararen ƙwayoyi. An rubuta Natrum muriaticum 30C a jikin ɗaya, Belladonna 200C a jikin ɗayar. Ya hana shi goro da kofi da turare mai ƙarfi, ya kuma ce ya ajiye na asibiti domin "yana kashe ƙarfin wannan". Yau sati uku ke nan, tsohon ya ce ya fi jin daɗin jikinsa, har kumburin ƙafarsa ya sauka. Matar malamin ma ta fara cewa a karɓo wa yara na zazzaɓi kafin damina ta kankama. Yana son ya san ko maganin na gaskiya ne, ko wani reshe ne na gargajiya, kuma ko yana da illa.

Malam, Allah ya ƙara wa Baba lafiya, kai kuma ya saka maka da ka tsaya ka tambaya. Ni aikina harhaɗa magunguna ne, a asibitocin gwamnati na yi yawancinsa, ta nan kuma zan ba ka amsa. Amma akwai abin da ba zai jira dogon bayani ba: a auna jinin Baba yau, in dare ya yi to gobe da sassafe. Ba sai an je Dutse ko Kano ba, asibitin sha-ka-tafi mafi kusa ko kemis mai na'urar awo ya wadatar. Ya zauna ya huta minti biyar, ya jingina bayansa, a ɗora hannun a tebur daidai ƙirji, kada a ja shi da hira. A auna sau biyu, ka rubuta lambobin a takarda. Idan ta sama ta kai 140 ko ta ƙasa ta kai 90, jinin ya hau. Idan ka ga ta sama ta kai 180 ko ta ƙasa ta kai 120, a ranar za a ga likita. Idan kuwa baki ya karkace, ko hannu ɗaya ya yi nauyi, ko magana ta sarƙe, ko da na minti goma ne ya wuce, a nemi mota a lokacin. Kuma ya koma kan maganinsa yadda aka rubuta masa tun farko, ko da awon yau ya nuna da sauƙi.

To, mu dawo kan kwalaben. Homiyofati bai samo asali daga Indiya ba, ba kuma daga ƙasashen Larabawa ba, ko da za ka gan shi a kanta ɗaya da habbatus sauda da man zaitun. Wani likita ne Bajamushe, Samuel Hahnemann, ya ƙirƙiro shi. An haife shi a 1755, ya mutu a Faris a 1843. A 1790 yana fassara littafin magunguna na wani likita mai suna William Cullen, sai ya zo kan bayanin sassaƙen itacen sinkona, wanda a lokacin shi ne maganin zazzaɓin cizon sauro. Bayanin bai gamsar da shi ba, sai ya sha sassaƙen da kansa alhali lafiyarsa ƙalau. Ya ce ya ji bugun zuciya da rawar jiki da ƙishirwa irin na mai zazzaɓi. Daga nan ya yanke cewa duk abin da zai jawo wa lafiyayye wasu alamu, shi ne zai warkar da majinyacin da ke da irin alamun. Ya fitar da ra'ayin a 1796, ya tattara shi a littafi a 1810. Shi ya sa maganinsu na mura daga albasa ake yin sa, tunda tana sa hawaye da majina, na rashin barci daga kofi, na kumburi daga ƙudan zuma. A irin wannan lissafi ne aka ba Baba Natrum muriaticum. Sunan na da kwarjini, amma gishiri ne, wanda ake sawa a miya.

Da yake da yawa daga abubuwan da ya fara da su guba ne, irin su arsenik da ita belladonar, wadda dangin zaƙami ce, dole ya riƙa sirka su da ruwa don kada ya kashe mutane. Sai ya ɗora da'awa ta biyu, wadda ita ce ta raba shi da kowane irin magani a duniya: wai gwargwadon yadda aka sirka aka jijjiga, gwargwadon yadda ƙarfin maganin ke ƙaruwa.

Ga yadda ake yin 30C ɗin da ke jikin kwalbar. A jera kwalabe 30. A ta farko a zuba ɗigo ɗaya na ruwan gishiri a cikin ɗigo 99 na ruwa ko barasa, a toshe, a riƙa buga gindin kwalbar da ƙarfi a kan wani abu mai ɗan taushi. Shi Hahnemann littafi mai bangon fata yake bugawa a kai. Wannan shi ne 1C. A ɗebi ɗigo ɗaya daga ciki a zuba a kwalba ta biyu mai ɗigo 99 na sabon ruwa, a sake bugawa, an samu 2C. Haka za a yi ta yi har kwalba ta 30. Sai a ɗiga ruwan ta ƙarshen a kan ƙwayoyin sukari masu girman gero, a bar su su bushe. Su ne Baba ke zazzagawa a murfi yana sawa ƙarƙashin harshe, ana ce masa kada ya taɓa da hannu.

Kai malamin makaranta ne, lissafin ba zai ba ka wuya ba. Kowace kwalba sifili biyu take ƙarawa. 3C kashi ɗaya ne cikin miliyan, 6C ɗaya cikin miliyan sau miliyan. Madatsar ruwa ta Tiga idan ta cika tana ɗaukar kusan kubik mita biliyan 2. Ka tsaya a bakinta ka ɗiga ɗigo ɗaya na ruwan gishiri, ka jira ya game ko'ina, sannan ka kamfato a kofi. Abin da ke hannunka bai wuce 8C da 'yan kai ba. Ka kai ɗigon nan tekunan duniya gaba ɗaya ka gauraya, ka kai wajen 13C. Na Baba 30C ne, ɗaya mai sifili 60. Ɗayar kwalbar kuwa, 200C, sifili 400 gare ta.

Shi kuwa abu, rarraba shi yana da iyaka. Gishiri gram 58, kamar cikin babban cokali uku, ƙwayoyinsa mafi ƙanƙanta, waɗanda in aka ƙara raba su sun tashi daga gishiri, yawansu 6 ne mai sifili 23. Adadi ne mai ban tsoro, amma yana ƙarewa. Idan sirki ya kai sifili 24, wato 12C, da wuya ko ƙwaya ɗaya ta rage. Kwalabe 18 da suka biyo baya ruwa ake sirkawa da ruwa. Ruwan rijiyar gidanku ma ya fi kwalbar Baba gishiri nesa ba kusa ba. Hahnemann yana da uzuri, domin sai a 1865, shekara 22 bayan mutuwarsa, aka fara ƙiyasta wannan adadi. Mai sayarwa a yau ba shi da wannan uzurin. Ka ɓalle takardun da ke jikin kwalaben nan biyu ka cakuɗa su, babu ɗakin gwajin da zai iya ce maka wannan ce ta gishiri, wannan ce ta belladona.

Masu homiyo da suka yi karatu sun san da haka, ba sa musu. Amsarsu ita ce ruwa yana "tuna" abin da ya taɓa shiga cikinsa idan an jijjiga shi. A 1988 wani masani Bafaranshe, Jacques Benveniste, ya wallafa a mujallar Nature cewa ya ga alamar hakan a ɗakin gwajinsa. Editan mujallar, John Maddox, ya ɗauki mutum biyu suka je ɗakin da kansu, aka maimaita gwajin ta yadda mai dubawa bai san wace kwalba ce wace ba. Abin ya ɓace. Ni kuma abin da kullum nake tambaya shi ne, ruwan da ya bi ta gona da kwata da makwarara kafin ya iso kwalba, me ya sa gishirin kaɗai zai tuna?

Duk da haka ba a kore shi da lissafi kaɗai ba, an gwada shi a kan majinyata, an kuma gwada da yawa. Yadda ake gwada kowane magani shi ne a raba marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba wasu maganin, a ba wasu ƙwayar wofi mai kama da shi, ba likita ba majinyaci babu wanda ya san wa ya samu me, sai an gama a buɗe. A 2005 mujallar Lancet ta wallafa nazarin da ya kwatanta gwaje-gwaje 110 na homiyofati da 110 na maganin asibiti. Da aka tsaya kan manya waɗanda aka yi da kyau, na asibiti tasirinsa ya tsaya, na homiyo ya zama daidai da ƙwayar wofi. A 2015 hukumar binciken lafiya ta Ostireliya ta duba bincike 176 a kan cututtuka 61, ta ce babu ko ɗaya da aka samu ƙwaƙƙwarar hujjar cewa homiyofati na maganinsa. Hukumar lafiya ta Ingila ta ce likitocinta su daina rubuta shi a 2017. Faransa, inda ake shan sa sosai kuma ake da babban kamfanin yin sa, ta daina biyan kuɗinsa daga inshorar gwamnati tun ranar 1 ga Janairu, 2021.

Za ka ce to yaya abin da babu komai a cikinsa ya yi shekara 200 bai mutu ba. A zamanin Hahnemann likitocin Turai tsaga jijiya suke su zubar da jinin majinyaci, su ɗura masa zaiba da maganin amai da na gudawa. Shugaban Amurka na farko, George Washington, a 1799 ciwon maƙogwaro ya kama shi, aka zubar masa da jini fiye da lita biyu, a daren ya cika. A irin wannan zamani wanda ya ba ka sukari da ruwa ya ce ka kwanta ka huta ya fi likita alheri, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Lokacin kwalarar Landan ta 1854 waɗanda aka kwantar a asibitin homiyo sun fi tsira, sunan da ya yi ke nan ya bi shi. Amma maganin asibiti ya bar wancan wurin tuntuni, shi kuwa homiyofati yana nan inda mai shi ya bar shi.

Yanzu ga abin da na san shi ya fi tsaya maka a rai: ai Baba ya ce ya ji sauƙi, kuma kai ma ka ga ƙafar ta sauka. Ba ƙarya yake ba. Kumburin idon sawu shi ne sanannen laifin amlodipine, musamman ga mai shan miligram 10. Yana buɗe ƙananan jijiyoyin jini, ruwa ya taru a ƙafa, takalmi ya matse da yamma. Wasu yana sa musu ciwon kai da jin zafi a fuska. Duk wanda ya daina shan sa, kumburin zai sauka, ko ya sha homiyo ko ya sha ruwan randa. Barin maganin ne ya sauke ƙafar, ƙwayar sukari ta karɓe yabon. Faɗuwa ce ta zo daidai da zama.

Inda haɗarin yake shi ne hawan jini ba ya ciwo. Mutum zai yi yawo da 190 yana noma, yana zuwa masallaci, yana cewa garau yake. Amlodipine kuma yana daɗewa a jiki, in an daina ba a rana ɗaya jinin ke tashi ba, a hankali yake hawa cikin sati ɗaya zuwa biyu, babu wata ƙararrawa. Alamar farko ga mutane da yawa ita ce ranar da za a tashe su da asuba a tarar ɓarin jiki ya shanye, ko a ce ƙoda ta taɓu, ko zuciya ta kumbura. Mun ga irinsu ana sauke su daga a-kori-kura a ƙofar asibiti, 'ya'yansu na cewa ai jiya ma lafiya lau ya kwanta. Jin daɗin jiki daban, abin da na'ura ke nunawa daban. A 2011 masu bincike a jami'ar Harvard ta Amurka sun gwada wannan a kan masu asma. Waɗanda aka ba maganin shaƙa na gaskiya da waɗanda aka ba na wofi kusan daidai suka ce sun ji sauƙi. Da aka auna iskar da huhu ke fitarwa, na gaskiya ya ƙara kashi 20 cikin ɗari, na wofi kashi 7, daidai da wanda ba a ba komai ba.

Akwai kuma wani abu da mutumin nan ya ba Baba wanda mu ba mu ba shi ba, kuma gara mu faɗa. Ya ba shi sa'a guda. Haka ake koya musu: ya tambaye ka ko zafi ka fi so ko sanyi, wane ɓari kake kwanciya, me kake mafarki, gishiri kake marmari ko zaƙi, idan aka yi maka jaje daɗi kake ji ko ranka ne ke ɓaci. Dattijon da ya saba ya taso tun asuba, ya yanki kati, ya yi rabin yini a benci, a gan shi minti uku ba a ko ɗago kai ba, sai ga wani ya zauna yana tambayarsa mafarkinsa. Dole ransa ya yi sanyi, barcinsa ya gyaru. A jami'ar Southampton an taɓa raba abin biyu a kan masu amosanin gaɓɓai, aka ga zaman hirar ne ke sa su ji dama, ƙwayar ba ta ƙara komai ba. Wannan gibi namu ne, mu ma'aikatan lafiya, kuma ta nan ake kwashe mana majinyata. Hana shi goro da kofi ma ba laifi ba ne ga mai hawan jini, sai dai ba don dalilin da aka faɗa masa ba.

Ka kula da wata magana da za ta zo nan gaba. Ranar da Baba ya ce kansa na sarawa ko yana ganin jiri, za a ce masa "ciwon ne ke fitowa, alamar maganin na aiki ce". Wannan yana cikin karatunsu tun daga Hahnemann. Ka duba yadda aka rufe kowace ƙofa: in ka ji sauƙi magani ya yi aiki, in ka ƙara jin jiki magani na aiki, in ba ka ji komai ba to ka ci goro ko ka shaƙi turare. Duk maganin da ba shi da hanyar faɗuwa jarrabawa, ba a jarraba shi ba.

Batun illa kuwa, ƙwayar 30C ta gaskiya sukari ce, ko ya shanye kwalbar gaba ɗaya ba abin da zai same shi. A 2010 ɗaruruwan mutane a Birtaniya sun taru a bainar jama'a kowa ya haɗiye kwalba guda don nuna hakan, suka koma gida lafiya. Sai dai ba duk abin da ke kan teburin mai homiyo ne wofi ba. Idan ka ga harafin Q a jikin kwalbar ruwa, ko ƙaramar lamba irin 2X da 3X, to akwai sinadarin a ciki da gaske. Wanda aka fi ba masu hawan jini shi ne Rauwolfia Q, jiƙon saiwar wani tsiro na Indiya mai ɗauke da reserpine. Wannan yana sauke jini, amma tsohon maganin asibiti ne da aka ja baya da shi saboda yana toshe hanci, yana rage bugun zuciya, yana jefa wasu cikin baƙin ciki, ga shi a jiƙo babu wanda ya san nawa ke cikin ɗigo goma. Idan aka haɗa shi da na asibiti ba tare da likita ya sani ba, jini na iya faɗuwa tsoho ya yanke jiki. Ko a Amurka, a 2017 hukumar magungunansu ta gwada ƙwayoyin homiyo da ake ba jarirai masu haƙori, ta tarar belladonar da ke ciki ba daidai take ba, wasu ta zarce abin da aka rubuta sosai. Wannan kamfani ke nan mai injina, ina ga kwalbar da aka cika a ɗaki aka rubuta sunan da biro.

Abu biyu kuma. Na ruwan yawanci a cikin barasa ake ajiye su, ka buɗe ka sansana za ka ji. Wasu kuma daga dafin maciji ake fara su, ko nonon karya, ko majinar mai tarin fuka. Hukuncin wannan na malamai ne, ni dai na faɗa maka abin da ake farawa da shi domin in za ka tambaya ka tambaya da sani. Na biyun ya fi damuna: garin magani da ake ƙunsawa a takarda babu suna. An sha kama masu zuba dexamethasone ko prednisolone, magungunan asibiti masu ƙarfi na rage kumburi, a irin wannan, na homiyo da na gargajiya duka, saboda yana sa ciwon gaɓɓai ya lafa, cin abinci ya buɗe, mutum ya ji kamar an sake shi. Bayan wata biyu fuska ta cika ta yi zagaye, suga ya hau, jini ya hau. Idan Baba na shan wani gari irin wannan ya kai makonni, kada a yanke masa rana ɗaya, a kai wa likita ya janye shi a hankali.

Ka tambaya ko reshen gargajiya ne. A'a, kishiyarsa ne ma. Mai sassaƙe idan ya jiƙa maka sabara ko bedi ko marke, akwai abu a cikin ƙwaryar, ɗacinsa ma ya isa shaida. Yana iya amfani, yana iya cin hanta ko ƙoda in an zarce, kuma ana iya kai shi ɗakin gwaji a auna. Shi kansa sassaƙen sinkonar da Hahnemann ya sha, a 1820 wasu masu harhaɗa magunguna biyu a Faransa, Pelletier da Caventou, suka bi ta ɗaya hanyar: maimakon su sirka, sai suka tace suka fitar da sinadarin da ke aikin, shi ne kwinin, wanda ya ceci rayukan da ba su ƙirguwa. Haka Tu Youyou ta ƙasar Sin ta fitar da artemisinin daga tsiron da ke dangin tazargade, aka ba ta kyautar Nobel a 2015, kuma shi ne ƙashin bayan maganin zazzaɓin da muke bayarwa yau. Wani mai homiyon zai ce maka ai nasu kamar allurar rigakafi ne, ɗan kaɗan na cuta don a kori cuta. Allurar rigakafi akwai abin da aka auna aka zuba a cikinta, kuma bayan makonni ana iya ɗibar jinin yaro a ga garkuwar da ta haifar. Ƙwayar homiyo ba ta haifar da komai da za a gani a jini.

Wannan ya kawo ni kan maganar uwargida. A nan ba na sassautawa: kada a ba yara. Babba mai hawan jini yana iya kai watanni kafin abin ya fashe, yaro ɗan shekara biyu mai zazzaɓin cizon sauro kwana ɗaya ko biyu gare shi kafin jini ya ƙare ko sanƙarewa ta fara. Tun 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin kada a dogara da homiyofati a zazzaɓin cizon sauro, da tarin fuka, da cuta mai karya garkuwar jiki, da gudawar jarirai. Idan jikin yaro ya yi zafi a yi masa gwajin yatsa, minti 15 zuwa 20 ne. In ya nuna, a ba shi artemether-lumefantrine sau shida cikin kwana uku, da ɗan abinci mai maiƙo ko nono, a ƙarasa ko ya warware a rana ta biyu. Idan damina ta sauka masu raba maganin rigakafin zazzaɓi na wata-wata za su zo gida-gida a Jigawa da Kano, na yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, kyauta ne, a karɓa a kuma ba da na kwana na biyu da na uku da ake bar wa uwa. Gudawa kuma ruwan gishiri da sukari na leda da ƙwayar zinc kwana goma. Mashaƙon da ya yi ɓarna a Kano a 2023 yawancin yaran da ya kama ba su cika allurarsu ba, don haka duk wanda ya ce yana da ƙwayar da ke maye gurbin allura, a bar masa kayarsa.

Shi mutumin da ya ba Baba kwalaben ba lallai ne maƙaryaci ba ne. A Indiya da gaske ana karatun homiyofati na shekara biyar da rabi a ba da digiri, akwai ma ma'aikatar gwamnati da aka kafa a 2014 mai kula da shi tare da sauran magungunansu na gargajiya. Mai yiwuwa ya yarda da abin da yake yi har zuciyarsa. Amma digiri shaidar zama a aji ne, ba ya sa gishiri a kwalbar da babu gishiri. Ko lambar NAFDAC ka gani a irin waɗannan kaya, mai ƙarewa da harafin L tana nufin an duba ba ya cutarwa, ba ta nufin an tabbatar yana warkarwa. Abin da ba zan yafe masa ba shi ne cewa dattijo mai shekara 70 ya ajiye maganin hawan jini. Ko a cikinsu masu hankali ba sa faɗin haka.

Sai yadda za ka tunkari Baba, wanda shi ne mai wuyar. Kada ka je masa da sifili 60, kada kuma ka ce an yaudare shi, babu uban da zai karɓi wannan daga ɗan cikinsa, sai ma ya ƙara riƙe kwalbar. Ni da ni ne ba zan yi faɗa a kan ƙwayoyin 30C da 200C ba. Yana so, ya ci gaba da tsotsa, sukari ba ya kashe ƙarfin amlodipine, amlodipine kuma babu abin da zai kashe a cikin sukari. Sharaɗin kawai na asibiti ya dawo, kuma kada a ƙaro mai Q ko garin takarda. Ka bar na'ura ta yi maganar: a auna a gabansa, ya ga lambar da idonsa, a sake aunawa bayan sati biyu da komawa magani. In akwai ƙaninsa ko amininsa ko limamin da yake jin maganarsa, ka fara bi ta wurinsu. Idan ka samu hali ka sayi na'urar awon ta dantse ka ajiye a gida, za ta yi wa duk dattawan gidan amfani.

Kuma kukansa na ƙafa kuka ne na gaskiya, kada a share shi, in ba haka ba zai sake ajiye maganin a ɓoye. Ka raka shi asibiti da kanka, ka shiga ɗakin likita tare da shi, ka fara da cewa ƙafarsa na kumbura da amlodipine har ya daina sha. Akwai mafita: a rage zuwa miligram 5 a haɗa da wani irin su lisinopril ko losartan, wanda haɗin kansa ke rage kumburin, ko a canza gaba ɗaya. Kowanne da halinsa, lisinopril na sa wasu busasshen tari, maganin hawan jini mai sa fitsari kuma da safe ake shan sa don kada ya hana barci. Ka roƙi a duba masa suga da ƙoda tunda an zo. A gida kuma a rage gishiri da ɗanɗanon dunƙule a miyarsa, abin da ake so duka-duka kada ya wuce gram 5 a yini, ƙaramin cokali ɗaya ke nan har da wanda ke cikin dunƙulen. Sannan ka leƙa aljihun rigarsa da ƙarƙashin matashinsa. Dattawanmu da yawa ba sa rabuwa da maganin ciwon jiki na kemis, diclofenac ko ibuprofen ko piroxicam, ko haɗin nan da ake ƙullawa a leda bayan an dawo daga gona. Waɗannan suna sa jini ya hau, suna rage aikin maganin hawan jinin, suna kuma cin ƙoda. In gwiwa ta dame shi ya sha paracetamol, in bai yi ba a faɗa wa likitan a zama ɗaya.